Ɗorawar Inna Baraka

Shekara goma sha shida na yi ina zana taswira a ofishin Alhaji Gide safiyo da ke Ƙanƙara, kuma a cikinsu ba a taɓa dawo mana da zane ko ɗaya don kuskurena ba. Sunana Mani. Da fensir da takarda na fara aikin, sa'ad da Alhaji ya sayo kwamfuta kuma ni na koye ta da ƙarfin hali, ina danna maɓalli da yatsa ɗaya har hannuna ya saba. Duk wanda ya shigo da rigimar iyakar gona, daga Pauwa yake ko daga Daudawa, Alhaji ba ya ko ɗaga kai, sai ya ce, "Ku je wajen Malam Mani." Ina jin daɗin wannan magana, ba zan ɓoye ba.

Sai Mas'ud ya zo. Ɗan Faskari ne, ya gama karatun safiyo a makarantar fasaha, siriri, mai gilashi, ba ya da hayaniya. Da ma marar kunya ne, da na sami abin kamawa. To ina! Kullum da safe sai ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi iyali, in na ajiye babur a rana ya tura shi inuwa. Ladabin nan nasa ya fi komai ba ni haushi, don bai bar mini ƙofar da zan tsane shi a fili ba.

Ga yadda aikinmu yake. A kwamfuta, duk abin da muka zana yana zaune ne a kan leyarsa, kamar a ce ka jera takardu masu shara-shara ɗaya bisa ɗaya, wannan ta rijiyoyi, wannan ta gidaje, wannan ta itatuwa, kowace da sunan da ka ba ta. In za a canza wa wasu abubuwa launi, ni bin su nake ɗaya bayan ɗaya da linzamin kwamfuta, ina nema ina dannawa. Aiki ne mai cin ido, amma haka na san kowane ɗigo da ke cikin zanena.

A sati na biyu da zuwansa aka kawo mana zanen filaye daga Sabuwa, fiye da ɗari uku, ana so a mayar da lambobinsu ja. Na ce wa Alhaji aikin kwana biyu ne. Mas'ud ya matso a hankali ya ce, "Malam, ko in gwada wani abu?" Na ture masa kujera ina murmushi, don na tabbata zai sha kunya.

Layi shida ya rubuta, wasu kalmomi cike da baka-baka. A tsakiya ya sa FILI, ya bi shi da alamar tauraro. Ya ce tauraron nan yana nufin ko ma mene ne ya biyo baya, wato kwamfuta ta kwaso duk abin da sunan leyarsa ya fara da FILI, ta bar sauran. Ya danna maɓalli ɗaya. Kafin in kai kofin shayina baki, lambobin nan duka sun koma ja.

Alhaji Gide ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Sai ya fita da sauri ya kira mai kemis ɗin da ke maƙwabtaka da mu, wai ya zo ya ga ikon Allah. Aka sa Mas'ud ya sake yi, aka sake salati. Alhaji ya ce, "Wannan ai rariya ce! A zuba, ta tace, a kwashe." Ni ma na yi dariya tare da su, amma shayin nan ban ƙarasa shi ba.

Daga ranar, rariyar Mas'ud ta zama abin zance. Ya ƙara mata dabaru: in ya sa waƙafi sai ta kamo suna biyu ko uku a lokaci ɗaya, in ya sa wata lanƙwasasshiyar alama a gaba sai ta juya, ta kwaso duk abin da bai dace da sunan ba. Masu rigimar gona kuwa, sannu a hankali na fara jin Alhaji yana ce musu, "Ku je wajen Mas'ud, yanzu zai fiddo maku." Ina zaune a wurin, kujerata ba ta motsa ba, amma kamar ba a ganina. Ƙyashi ne, na san sunansa tun a lokacin, sai dai sanin bai rage mini komai ba.

Matata Shafa'atu ce ta fara gajiya. Wata rana ina cin abinci ina kwashe wa Mas'ud albarka, ta ajiye ludayi ta ce, "Baban Bilki, tun da yaron nan ya zo ba ka da zance sai nashi. Ko ni da ka aura ba ka ambatona haka. Mi ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi man," na ce.

"To shi ne matsalar, ai."

Na ture kwanon na fita ƙofar gida.

Cikin bazara muka sami aikin hanyar burji, kilomita goma sha ɗaya, daga gefen Ruwan Godiya zuwa wani ƙauye da ake kira Unguwar Makau. Aikinmu shi ne mu auna duk abin da ke cikin faɗin da katafila za ta share, mu nuna wanda za a ture da wanda za a bari. Wanda za a bari a zagaye shi da kore a zanen, ma'aikatan ɗan kwangila su bi su shafa masa farin fenti. Duk abin da ba shi da kore kuwa, ja ne, na katafila ne. Ni aka tura dajin, don ni na san mutane. Kwana tara na yi, kullum in fita da sassafe in juyo kafin la'asar, don hanyar nan ba a bin ta da yamma saboda ɓarayin daji, kowa ya sani.

A kilomita na biyu akwai wata ɗorawa a bakin gona, babba, mutum uku ba za su rungume ta ba. Ba a tsakiyar hanya take ba, a gefen faɗin da za a share take, ana iya barinta ba tare da an karkatar da komai ba. Ina kafa na'urar awo sai ga wata tsohuwa ta nufo ni da sanda, ƙarama, mai kaifin ido.

"Kai ɗan nan, wa ka tambaya kahin ka auna man icce?"

Na gaishe ta na ce mai gonar ya ba ni izini.

"Gonar tashi ce, icce nawa ne. Uwata ta bar man ita, ita kau daga tata uwar. Da 'yan'uwana suka sai da gonar, sai da aka hwaɗa gaban mai gari, ban da ɗorawa. Tambayi ko yaro, kowa ya san ɗorawar Baraka."

Gaskiyarta ne, kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ƙasa ta zama ta wani, itacen da ke kanta ya zama na wani, musamman ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, kuma da sunan mai shi ake kiransa. Inna Baraka mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna kudu. Da kalwar ɗorawar nan take yin daddawa ta kai kasuwa, garin ta dama wa jikoki, ɓawon ma ba ta zubarwa, makuba take yi da shi a daɓe ɗaki. A lokacin 'ya'yan sun fito reto-reto, saura kamar wata guda su nuna.

Kwana uku na yi ina awo a kusa da wurin, kuma kwana ukun nan ba ta bar ni na ci biredin da na ɗauro ba. Tuwon dawa take aiko mini da miyar kuka, miyar da ban taɓa shan mai ƙamshinta ba. Ran ƙarshe ta zo da kanta ta tsaya a kaina.

"An ce katahila ba ta da ido."

"Ba ta da ido, Inna, amma takarda take bi, takardar kuwa ni ke rubuta ta. Na yi maki alkawari ko reshe ba za a taɓa ba."

"Ka ce in Allah ya so."

"In Allah ya so."

"To. In ka sake biyowa, akwai daddawarka."

A ofishinmu akwai tsohuwar doka ta Alhaji: duk abin da za a bari, sunan leyarsa ya fara da BARI. Rijiya, BARI-RIJIYA. Kabari, BARI-KABARI. Ina bin dokar a komai, ban da itacen da ke da mai shi. Shi kam yadda mutanen wurin ke kiransa haka nake rubuta shi, don in rigima ta taso bayan shekara biyar, sunan mai shi ake nema, ba wani abu ba. Haka na rubuta DORAWAR-INNA-BARAKA, da wata tsamiya da wata kaɗanya can gaba, su uku ke nan. Ban taɓa samun matsala da wannan ba, tunda ni ke ƙarasa zanena da hannuna, kuma na san su kamar 'ya'yana.

Na dawo ofis na shigar da komai a kwamfuta, fuskata ta ƙone, wuyana duk ƙuraje. Ina shirin fara sa kore da ja, Alhaji ya dafa kafaɗata.

"Mani, ka sha rana. Ka huta, Mas'ud ya ƙarasa da rariyar tashi."

Wallahi ji na yi kamar an mare ni. Ni na sha rana, ni na sha ƙaya, ni na yi ta waige-waige a daji, sannan ɗan gaban goshi ya zauna ƙarƙashin fanka ya danna maɓalli ɗaya, a ce shi ya gama aiki. Na tashi na ba shi kujerar.

Ya zauna ya yi 'yan rubuce-rubucensa. Zubi biyu ya shirya: na farko ya kwaso duk abin da ya fara da BARI da tauraro ya zagaye shi da kore, na biyu ya kwaso duk sauran ya buga masa ja. Kafin ya danna sai ya juyo.

"Malam Mani, duk abin da za a bari da BARI ya fara, ko?"

Na dube shi. Na ga ɗorawar a idona, na ga tsohuwar da sandarta. Abin da zan ce bai wuce kalma goma ba.

"Haka dokar ofis ta ce," na amsa.

Ban yi ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina. Ya yi godiya ya danna. Kwamfuta ta nuna an sami talatin da takwas. Ni kuwa na san arba'in da ɗaya ne.

Kada a ɗauka ina so a sare ɗorawar ne. Ko kusa. Dabarata daban ce. Alhaji Gide yana da al'ada, duk zanen da zai fita daga ofis sai ran Litinin ya shimfiɗa shi a babban tebur, ya sa tabarau, ya bi shi da jan biro muna tsaye. A nan na shirya zan yi gyaran murya in ce, "Alhaji, ina ɗorawar Inna Baraka? Ina tsamiyar Malam Salihu?" In nuna jan da ke kansu, in bar shiru ya yi aikinsa, sannan in ce, "Rariya dai ba ta san mutane ba." Ranar Alhamis ce, kuma duk hanyar gida a kan babur ina maimaita wannan jimla, ina gyara mata murya, ina jin daɗinta.

Ran Juma'a na tafi Pauwa sunan ɗan ƙanena, na kwana can. Asabar bayan la'asar na biyo ta ofis in ɗauki cajar waya, na tarar da Alhaji shi kaɗai yana cin gyaɗa.

"Af, Mani, an dawo lahiya? Aikin hanya ya tahi. Injiniyan ɗan kwangila ya matsa, wai shina tsoron ruwa ya sauko, na ce Mas'ud ya tura mashi ta waya tun daren Alhamis. Jiya katahila ta shiga."

"Ba a duba ba, Alhaji?"

"Aikin Mas'ud ai ba ya buƙatar dubawa."

Nan take ɗorawar ta faɗo mini a rai. Amma ko a wannan hali, abin da ya fara sukata shi ne maganarsa ta ƙarshe. Shekara goma sha shida ana bin zanena da jan biro, yaron da bai yi wata huɗu ba an ɗauke masa. Alhaji yana da lambar injiniyan a wayarsa, wayar tana kan tebur kusa da ɓawon gyaɗa. Da na buɗe baki, kira ɗaya ya isa. Sai dai zai tambaye ni yaushe na sani, kuma me ya hana ni faɗa.

"Madalla," na ce, na ɗauki cajata na fita.

A waje na kira Sanusi, shugaban ma'aikatan ɗan kwangilar, wanda na sani tun a wani aiki. Na kira sau bakwai, ba ta shiga, wajen ba shi da sabis. Rana ta riga ta karkata, ba mai hankalin da zai kama hanyar nan. Na lissafa a raina: kilomita biyu cikin kwana biyu, ga duwatsu a farkon hanyar, da wuya su kai. Kuma gobe Lahadi, ƙila ma ba za su yi aiki ba. Haka na yi ta lallashin kaina har gida.

Shafa'atu ta ga fuskata ta tsare ni, na gaya mata komai. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Ka koma yanzu ka gaya wa Alhaji."

"Gobe da sassahe zan je da kaina in gyara. Ba sai kowa ya ji ba."

"Kunyar Alhaji kake ji, ko kunyar yaron?"

Na daka mata tsawa na ce ba ta san aikin ofis ba. Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara.

Da na idar da sallar asuba na jira gari ya waye sosai, na sayi gwangwanin farin fenti wajen wani da na tasa daga barci, na kama hanya. Tun daga Ruwan Godiya na ga sabuwar sharar, ja wur, mai faɗi, an ture komai gefe. Na wuce kilomita na farko ina addu'a. Sai na fara jin ƙugin katafila a gaba, ashe ko Lahadin ba su huta ba. Na murɗa babur har ƙarshe.

Daga nesa na gane, don sararin sama ya yi yawa a wurin. Ɗorawar tana kwance a cikin gona, saiwoyinta a sama, ƙasa na zuba daga jikinsu. Ganyen ko yaushi bai yi ba. Mata da yara sun kewaye kanta suna tsinkar 'ya'yan, kore shar, waɗanda ba su kai ba, suna zubawa a buhu don kada a tashi a banza.

Sanusi ya taho yana goge gumi. "Malam Mani, lahiya da sassahe haka?"

"Yaushe kuka ture ta?"

"Ba a yi awa ɗaya ba. Tsohuwar ta so ta hana, na nuna mata." Ya zaro waya ya buɗe zanen, ya faɗaɗa shi da yatsu biyu. Ga jan nan a kan ɗorawar, ga sunan ofishinmu a ƙasa. "Ni takarda nike bi. Jiya da yamma na haɗu da injiniya a Ruwan Godiya, da akwai gyara da ya hwaɗa man."

Jiya da yamma. Ina tsaye kusa da wayar Alhaji a lokacin. Na miƙa masa fentin na gaya masa inda tsamiya da kaɗanya suke, na ce ya aika a shafa musu yanzu. Su kam sun tsira.

Inna Baraka tana zaune a kan gangar itacen, sandarta a cinya. Na so ta zage ni. Na so ta ɗaga sandar nan ta sauke mini a ka, da na fi samun sauƙi. Na durƙusa a gabanta.

"Ka zo?" ta ce. "Sun ce takarda ce ta ce. Na ce masu wanda ya rubuta takardar ya ci tuwona, ba zai yi haka ba. Na ce su jira ka. Ba su jira ba."

"Inna, kuskure aka yi a ofis."

"Na sani. Ai na san ba kai ba ne."

Ta kira wata jikarta ta raɗa mata magana, yarinyar ta ruga cikin gari. Katafila na ta ƙugi a gaba. Ta shafa ɓawon itacen da tafin hannunta ta nuna mini wani tsohon tabo, ta ce nan uwarta ke kafa ƙafa in za ta hau, tun ita tana goye. Yarinyar ta dawo da ƙulli a baƙar leda, Inna ta karɓa ta miƙo mini.

"Ga daddawarka. Ta bara ce, na aje maka. Ta bana kau ga ta nan ƙasa."

Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce alkawari ta yi, kuma ita ba ta saba tashi daga magana ba. Na karɓa da hannu biyu na sa a jaka.

Ran Litinin labari ya riga ni isa ofis, don mai garin Unguwar Makau ya aiko da ƙorafi. Alhaji ya shimfiɗa zanen a babban tebur, ya sa tabarau, ya ɗauki jan biro, daidai yadda na tsara a raina. Kafin in yi motsi Mas'ud ya matso.

"Alhaji, laihina ne. Na sa rariya ta kwaso BARI, ban tsaya na duba sunayen da suka rage ba. Da na duba da na gan su."

Alhaji ya sauke masa kwandon faɗa. Ya ce gaggawa ta yi masa yawa, ya ce karatu daban sanin mutane daban, ya ce rariya ba ta san jama'a ba. Kusan jimlata ce, kalma da kalma, ta fito daga bakin Alhaji ba tare da na wahala ba. Mas'ud ya sunkuyar da kai yana cewa a yi haƙuri. Sannan Alhaji ya juyo gare ni.

"Daga yau, duk zanen da zai hita daga nan sai Malam Mani ya duba ya sa hannu. Shi ya san daji."

Abin da na yi wata huɗu ina nema ke nan, ga shi an ba ni a gaban kowa. Na jira daɗin ya zo, bai zo ba. Jakata tana rataye a bayan kujera, ban iya fitar da ƙullin a gida ba, kuma ƙamshin daddawar ya cika ofishin har mai kemis da ya leƙo ya tambaya wa ke dafa miya.

Da Alhaji ya fita sallar azahar, Mas'ud ya jawo kujera kusa da ni. Ya nuna mini layi biyu da ya ƙara a rubutunsa: daga yanzu, kafin rariya ta buga ja, za ta jero duk sunayen da ba ta kama ba, ta tsaya sai mutum ya karanta ya amince. Na ce ya yi kyau. Ya juya biro a hannu.

"Malam, ran Alhamis da na tambaye ka. Ka sani, ko?"

Zan iya cewa na manta. Da ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda.

"Na sani," na ce.

Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga ya mayar. Bai tambaye ni dalili ba, bai ce zai gaya wa Alhaji ba, kuma har yau bai gaya masa ba. Ni na gaya masa da kaina daga baya, amma wannan bai tayar da komai daga ƙasa ba. Abin da Mas'ud ya ce kawai shi ne injiniya yana son sabon zane mai nuna abin da ke wurin yanzu, a cire duk abin da aka ture, kuma tunda ni ke sa hannu, gara ni in ƙarasa. Ya tashi ya bar mini kujerar ya tafi alwala. Washegari da safe ma ya gaishe ni, amma bai tambayi iyali ba.

Na zauna gaban kwamfutar. Zan iya nemo ta da linzami yadda na saba, na san inda take ko ido rufe. Amma na buɗe rariyar, karo na farko a rayuwata, na rubuta DORAWAR da yatsa ɗaya, na sa tauraron a bayansa, na danna. Kwamfuta ta nuna an sami ɗaya, ta haska ɗan da'irar a bakin kilomita na biyu, ta tambaye ni ko a goge. Aka tayar da sallah a masallacin bakin titi, ni kuwa ina zaune da yatsana a kan maɓallin.